Littattafan da aka tono a Nag Hammadi

Jiya na tsaya gaban gilashi a gidan tarihin Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, da ke Alƙahira, ina kallon takardun da wani manomi ya tono cikin tulu kusa da garin Nag Hammadi na kudancin Masar a 1945. Littattafai 13 ne masu bangon fata, da harshen Kibɗanci. Galibinsu rubuce-rubucen wasu Kiristocin dā ne da ake kira 'yan Nostik, masu cewa ceto yana cikin ilimin ɓoye, wai wani ƙaramin mahalicci ne ya yi duniya, ba Allah Maɗaukaki ba.

Ni dai ban yarda da wannan ba ko kusa. Amma raina ya sosu. Tun wajen shekara ta 180 Miladiyya wani babban malamin coci, Bishop Iraniyus, ya ƙaryata 'yan Nostik, galibin labarinsu daga bakin abokan gaba aka ji shi. Ga kuma wasu shafukan, an ce mahaifiyar manomin ta hura wuta da su.