Simintin da na shafa wa soron Kaka

Gidan da kakanmu ya gina a bakin gonarsa yana cikin ƙasar Adar, ba nisa da Tawa. Soro biyu ne da zaure, sai ruhewa uku na gero daga baya. Mahaifina ya ce a zauren nan aka riƙa auna wa maƙwabta hatsi da tiya lokacin yunwar 1984, har aka share gindin ruhewa ta ƙarshe.

Ina bida a Abijan aka aiko mini cewa bango ya fara zaizayewa. Ga ɗan kuɗi a aljihu, ga son a ce ɗan gida ya yi abin kai, sai na turo a sayi siminti a shafe soron kakaf. A hoto kam ya yi kyau, ba ƙarya. Damina uku kacal ya yi. Ruwa ya sami tsaga ya shige bayan simintin, ya rasa mafita, ƙasa ta jiƙe tana narkewa daga ciki. Ranar da na dawo na ƙwanƙwasa bangon, sai na ji yana amo kamar kifaffiyar ƙwarya. Na zura wuƙa, ɓawo guda ya faɗo da rabin tubali manne a jikinsa.

Tsohon maginin da na ɗauko ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Ɗana, rigar ƙarfe ka sa wa tsoho. Ƙasa numfashi take yi."

"To yanzu fa, Baba?"

"A ɓare duka."

Muka kwaɓa laka da ƙaiƙayin gero da kashin shanu, muka bar ta kwanaki tana tsimuwa, ana taka ta da ƙafa safe da marece. Gara ta cinye azara biyu, giginya kuwa sai daga wajen Gaya aka samo mana, da tsada. Maginin ya kuma ƙara tsawon indararo, don ruwan rufi ya daina zuba a gindin bango. Yana yaɓe yana ba ni labarin masallacin garin Yama da ke jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ginin laka da ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine a 1986. Ina jin da gayya ya kawo zancen.

Tun lokacin, kowace bazara kafin ruwan farko mukan sake yaɓe, tafin hannu bisa tafin hannu. Bana ƙanena ne ya hau tsani, ni ina ƙasa ina miƙa masa laka a daro, don gwiwa ta fara ƙi.