Agogon taurari da agogon ofis

Duk wanda ya zauna a teburin tace labaran kimiyya ya san yadda suke zuwa. Yau an hango alamar rai a wata duniya, gobe an samo makamashin da ba ya ƙarewa, jibi an ƙaryata Einstein. Sabon shiga yakan auna labari da girman jami'ar da ya fito daga cikinta, ko da sunan mujallar da ta buga shi. Aikin ya nuna mini cewa wannan ma'aunin ba ya kai mutum ko'ina. Abin da nake nema yanzu kafin in rubuta kanun labari shi ne irin wahalar da masu binciken suka sha wajen ƙoƙarin rushe sakamakonsu da hannunsu, sannan ko wani ya sake ganin abin da wata na'urar daban. Labarai biyu na masu sauraron sama ne suka fi zaunar mini da wannan a kai.

A 1967, Jocelyn Bell tana ɗalibar digirin digirgir a Jami'ar Kambirij da ke Ingila. Na'urar da take aiki da ita ba madubi ba ce, fili ne na turaku da wayoyi masu kama igiyoyin rediyo daga sama, sakamakon kuma alƙalami ne ke zana shi a kan doguwar takarda, ita kuma tana bi da ido. A cikin wannan tulin takarda ta lura da wani ɗan ƙazamin zane da bai kai santimita ɗaya ba. Mafi sauƙi shi ne a ce hayaniyar wata mota ce ko ta wata tashar rediyo, a wuce. Ita kuwa sai ta koma tsofaffin takardu, ta ga zanen yana fitowa daga sashe ɗaya na sama, kuma kullum yana riga jiya zuwa da kusan minti 4.

Waɗannan mintuna huɗu su ne hujjar. Ranar da muke ƙirgawa da fitowar rana awa 24 ce, amma taurari suna komawa mazauninsu na jiya cikin awa 23 da minti 56, domin duniya tana zagaya rana a daidai lokacin da take juyawa. Abin da ɗan'adam ya ƙera jadawalin ɗan'adam yake bi, wannan kuwa agogon taurari yake bi. Da aka ƙara saurin takardar sai aka ga bugu ne mai maimaita kansa duk daƙiƙa 1.33, ba ya kuskure. Har suka yi masa laƙabi da ƙananan korayen mutane, cikin raha, kafin ta gano na biyu a wani sashe na sama daban, zancen baƙin halittu ya mutu. Abin da ta gano shi ne gawar tauraro mai faɗin kusan kilomita 20, tana juyi tana feso igiyoyi.

Na biyun ya faru a Ostireliya, a babban faifan sauraron sama na Parkes mai faɗin mita 64. A cikin bayanan da na'urar ta tara tun daga 1998 an riƙa samun wasu gajerun fashe-fashen igiyoyin rediyo masu kama da saƙo daga nesa ƙwarai. Sai dai suna da ɗabi'u biyu masu sa shakka. Suna shiga dukkan idanun na'urar guda 13 a lokaci ɗaya, alhali abin da ya fito daga ɗigo ɗaya a sama ba ya yin haka. Kuma sun fi yawa da tsakar rana, lokacin da ma'aikata ke hutu. A ƙarshen 2014 aka kafa na'urar da ke sa ido kan hayaniyar rediyo ta cikin harabar, a Janairun 2015 ta kama ɓarawon: akwatin ɗumama abinci ne na ma'aikata. Idan mai gaggawa ya buɗe ƙofarsa kafin ya tsaya, sai ɗan guntun igiya ya tsere, in faifan yana kallon wannan ɓangaren ya kama. Ɗalibar digirin digirgir ce ma, Emily Petroff, ta jagoranci rubuta rahoton.

Mutane suna ba da wannan labari don dariya, ni ma na yi tawa. Amma ribarsa ta fi dariyar. A 2007 an sanar da wani fashewar rediyo na gaske daga bayanan wannan na'ura, kuma waɗannan na bogi sun sa masana da yawa suna kokwanton ko shi ma daga ƙasa ya fito. Da aka kama akwatin, aka san siffar na bogi, sai na gaskiyar suka fita kunya. Yau an tattara irinsu masu ɗimbin yawa, a Afrilun 2020 ma an kama guda daga wata gawar tauraro mai tsananin maganaɗisu a cikin gungun taurarinmu. A ranar farko zanen Bell da saƙon Parkes ba su da bambanci, ƙazanta ce a cikin bayanai. Tambayar agogon da kowanne ke bi ce ta raba su.

Darasi na gaba ya fi wuya, domin ya shafi lissafi, kuma lissafi yana da kwarjini. A Satumban 2011 ƙungiyar OPERA ta sanar cewa ƙwayoyin niyutirino, wasu ƙananan ƙwayoyin zarra masu ratsa ƙasa da dutse, da ake harbawa daga cibiyar CERN kusa da Jeneba zuwa ɗakin bincike na ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730, suna riga haske isa da kashi 60 cikin biliyan na daƙiƙa. Wato sun ba haske ratar mita 18. In haka ne, ginshiƙin da Einstein ya kafa a 1905, cewa ba abin da ke wuce haske gudu, ya tsage. Ba mutanen banza ba ne, sun auna ƙwayoyi kusan 15,000 cikin shekara uku, ƙarfin sakamakon kuma ya kai sigma 6. Sigma ma'auni ne na yiwuwar a ce sa'a ce kawai ta haifar da abin da aka gani. Masu binciken ƙwayoyin zarra ba sa cewa sun gano abu sai ya kai 5, wato yiwuwar dace ta koma kusan ɗaya cikin miliyan uku da rabi.

A Fabrairun 2012 aka gano wata wayar haske da ke kai saƙon GPS ga agogon na'urar ba ta ɗauru da kyau ba. Ita ce ta jinkirta saƙon, ƙwayoyin suka zama kamar sun yi sammako. Wata na'urar daban a wannan dutse, ICARUS, ta auna ta samu gudun bai wuce na haske ba. Abin da na ɗauka daga nan shi ne sigma maganin sa'a ne kawai, ba maganin sakakkiyar waya ba. Sikelin da ya karkace, ko sau dubu ka hau shi amsa ɗaya zai ba ka, kuma yawan hawan ƙara maka yarda da ƙaryar zai yi. Akwai ma wata hujja da ke ajiye tun 1987, lokacin da wani tauraro ya fashe a nisan tafiyar haske ta shekara 168,000. Niyutirinonsa da haskensa sun iso duniya da tazarar sa'o'i kaɗan. Da lissafin OPERA gaskiya ne, da ƙwayoyin sun riga hasken da kusan shekara huɗu. Adalci kuma shi ne a faɗa cewa su masu binciken ba su yi iƙirarin kayar da kowa ba, cewa suka yi ga abin da muka gani, ku taya mu neman kuskuren. Mu masu kanun labarai ne muka yi gaba da ganga.

Wurin da na ga an kai wannan tarbiyya ƙarshe shi ne LIGO, na'urori biyu a Amurka, ɗaya a Hanford ɗaya a Livingston, tsakaninsu kusan kilomita 3,000. Kowace tana da hannuwa biyu masu tsawon kilomita 4, hasken leza yana kai da komo a cikinsu, ana jiran girgizar sararin samaniya da Einstein ya yi hasashe a 1916. Motsin da ake nema bai kai kashi ɗaya cikin dubu na faɗin furoton, ƙwayar da ke tsakiyar zarra, ba. Babbar mota in ta wuce, ko igiyar teku ta doki gaɓa mai nisa, duk na'urar tana ji. Shi ya sa aka gina biyu, aka kuma kewaye su da dubban na'urorin sauraron ƙasa da iska da wutar lantarki.

Abin da ya fi burge ni shi ne sun naɗa wasu 'yan tsiraru a cikinsu da aikin yaudarar sauran. Waɗannan suna da izinin cusa saƙon bogi a asirce. A Satumban 2010 wani saƙo ya shigo, ɗaruruwan masana suka yi wata shida suna tantance shi, suka rubuta takarda, sai a Maris 2011 aka buɗe ambulan aka ce musu gwaji ne. Saboda haka da saƙon gaske ya zo ranar 14 ga Satumban 2015, ya taɓa Livingston sannan Hanford bayan kashi 7 cikin dubu na daƙiƙa, tambayar farko ita ce wa ya cusa shi. Har yiwuwar wani ya yi musu kutse suka bincika. Sai 11 ga Fabrairun 2016 suka buɗe baki: baƙaƙen ramuka biyu ne, wato wurare a sama da ko haske ba ya kuɓuce wa jansu, ɗaya ya ninka nauyin rana sau 36 ɗayan sau 29, suka haɗe a nisan tafiyar haske ta shekara biliyan 1.3. A Agustan 2017 kuma aka samu shaidar da ba ta dogara da su ba. Na'urorin sun ji karon gawarwakin taurari biyu, bayan daƙiƙa 1.7 wani tauraron ɗan'adam ya ga walƙiyar, sannan cibiyoyi kusan 70 suka juya suka ga hasken da nasu madubin.

Wani lokaci kuma lambar gaskiya ce, abin da aka auna ta da shi ne aka bari a baya. A Disamban 2022 cibiyar Lawrence Livermore da ke Kalifoniya ta harba leza 192 kan ɗan ƙwayar makamashi, megajul (ma'aunin makamashi) 2.05 ya shiga, 3.15 ya fito ta hanyar haɗewar ƙwayoyin zarra, irin abin da ke kunna rana. Nasara ce ta gaske da aka yi shekaru ana nema. Amma kunna lezar kansa ya ci kusan megajul 300 na lantarki. Duk labarin da ya kawo lambobi biyun farko ya bar ta uku ya sa mai karatu tsammanin tashar wuta ta kusa.

Kada a ɗauka shakka ita ce hikima a kowane hali. A 1982 Dan Shechtman ya ga tsarin ƙwayoyin zarra a wani gaurayen ƙarfe wanda littattafai suka ce ba zai yiwu ba. An yi masa dariya, manya a fagen suka yi watsi da shi, a 2011 ya karɓi kyautar Nobel. Abin da ya cece shi ba taurin kai ba ne, wasu ne suka haɗa irin ƙarfen a nasu ɗakunan binciken suka ga abin da ya gani. Wannan ƙofar ce dai LK-99 ya kasa wucewa a 2023, sinadarin da wasu masana a Koriya ta Kudu suka ce lantarki na bin sa ba turjiya a yanayin zafin ɗaki. Cikin makonni aka haɗa shi a ƙasashe da dama, aka gano gurɓacen jan ƙarfe da farar wuta ne ke haifar da alamar da ta ruɗe su.

Da wannan idon na karanta labarin K2-18b a Afrilun 2025. Duniya ce mai nisan tafiyar haske ta shekara 124, kuma wata ƙungiya a Kambirij ƙarƙashin Nikku Madhusudhan ta ce madubin James Webb ya nuna alamar wata iskar farar wuta a samanta, wadda a nan duniya ƙananan halittun teku ne suka fi samar da ita. Ƙarfin alamar sigma 3 ne, su da kansu suka faɗa. Na'ura ɗaya ce ta gani. Wasu ƙungiyoyi sun ɗauki bayanan nan suka sake lissafi, suka ce wasu iskokin daban ma za su iya zana wannan alamar, wasu suka ce ba ta fita daga hayaniya ba. An kuma taɓa samun wannan iskar a jikin tauraro mai wutsiya na 67P, inda babu teku balle halitta, wato ko ta tabbata a can ba ta isa shaidar rai ita kaɗai ba. Kanun da na ba labarin shi ne an ga alamar da ke buƙatar ƙarin sa'o'in kallo, na kuma sa sigma 3 ɗin da ra'ayin masu ja a sakin layi na biyu, ba a can ƙasa ba inda mai karatu ba ya kaiwa.