Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Takardar da Na Sa wa Hannu a Tsaye

Makon jiya na tsaya a daren da na yanke shawarar barin shagon Alhaji, bayan shekara bakwai ina ɗaura masa faifan hasken rana da famfunan rijiya, daga cikin Damagaram har lambunan Mirriya da Matamai. Wani kamfani mai irin sana'armu ne ya neme ni, ya yi mini alkawarin kusan ninkin jika sittin, wato sefa dubu sittin, da nake karɓa a wata.

Da hantsi na same shi a shagon, can gefen Kasuwar Dole. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Alhaji, izini na zo nema." Ya saurare ni har na kai aya, bai katse ni ba. Sai ya jawo durowa, ya zaro wata takarda da ta fara ja, ya miƙa wa akawunsa, ya ce, "Karanta masa layin ƙasa." Da Faransanci aka rubuta, ni kuwa lakwal ɗina a aji shida ta tsaya. Akawu ya fassara: idan na bar aiki, ba ni da ikon taɓa aikin hasken rana ko na famfo a ko'ina cikin Nijar har shekara biyar, in na saɓa, in biya miliyan biyu. A ƙasa ga sa hannuna, na 2016.

Na tuna ranar. A tsaye na sa hannun, biro na rawa saboda murnar samun aiki. Mai jin yunwa ba ya tambayar wa ya dafa tuwo, kuma har yau samari nawa ne a garin nan ke sa hannu a kontiragi yadda na sa?

Kwana uku ban yi barcin kirki ba. Ba ni da gona, ba ni da jari, hannuwana kawai nake da su. Na yi tunanin Kano, tunda ba ta kai kilomita 250 daga nan ba, amma wa zan bar wa Inna a Birni, da maman yara da 'ya'ya uku? Kawuna, tsohon malamin lakwal da ya daɗe a sandika, wato ƙungiyar ma'aikata, shi ya tsamo ni. Ya ce, "Ɗana, takarda ba aya ba ce. Kafin ka yi kuka, je wurin insifektan aiki, ko dala ba za ka biya ba."

Insifektan dattijo ne mai sanyin magana. Ya karanta takardar sau biyu, ya ajiye tabarau, ya ce da ni dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ba ta yarda a ɗaure ma'aikaci a hana shi neman abinci bayan aikinsa ya ƙare ba. Ya ce ko dokar aikin da Faransa ta yi wa ƙasashen da take mulka a 1952, wadda ta bar wa mai gida 'yar kafa idan ma'aikaci ne ya tsinke yarjejeniya, ta yi wa abin iyaka: kar ya wuce shekara biyu, kar ya wuce kilomita 200 daga wurin aiki, kuma sai a sana'ar da za ta yi gogayya da mai gidan. A Faransa kanta, in ji shi, tun hukuncin babbar kotunsu na 10 ga Yuli 2002, irin wannan sharaɗi ba ya tsayawa sai an ƙayyade lokaci da wuri, sai akwai wata maslaha ta gaskiya da ake karewa, kuma sai an biya ma'aikacin kuɗin zaman da zai yi. Ya buga yatsa a kan takardar. "Shekara biyar, ƙasa baki ɗaya daga Difa har Yamai, babu ko sisi na diyya. Wannan ba za ta tsaya gaban alƙali ba."

Na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Har na yunƙura zan tashi, ya ce, "Zauna, Malam, ban gama ba."

Ya ce mutuwar wannan layi ba ta ba ni ikon ficewa yadda na ga dama ba. Ni mai albashin wata ne, dole in ba da sanarwar wata guda, in kuma yi aikin watan da gaskiya. Idan na tsere ba sanarwa, Alhaji na iya neman diyya, kuma sabon mai gidan ma ana iya haɗawa da shi in ta tabbata shi ya zuga ni. Sannan ya dube ni ya ce, "Akwai wani abin Alhaji a hannunka?"

Gabana ya faɗi, don akwai. Wani baƙin littafi ne da nake yawo da shi a jakar kayan aiki. A ciki akwai lambar wayar kowane mai lambu da muka yi wa aiki, zurfin rijiyarsa, ƙarfin famfonsa, ranar da aka ɗaura, farashin da aka yi masa, har da wanda ke biya bayan ya sayar da albasa ko rake. Rubutuna ne daga farko har ƙarshe, ni na sha ranar, ni na shiga rijiyoyin. Amma da babur ɗin wa na je? Man wa na ƙona? Sunan wa aka ji aka buɗe mini ƙofa? Abin da ban faɗa wa kowa ba har ranar, shi ne sabon mai gidan ya ce mini a waya, "In za ka zo, ka zo da mutanenka." A nan na gane ba hannuwana kaɗai yake son saye ba. Insifekta ya ce abin da na koya ya zauna a kaina nawa ne, babu mai raba ni da shi, amma littafin da abin da ke ciki dukiyar shago ce.

Ranar da insifekta ya kira mu sulhu, Alhaji ya zo da babbar riga, fuska a ɗaure. A bakin ƙofa ya ce, "Ni ka kawo gaban hukuma? Ni da na yanka ragon sunan ɗanka?" Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Alhaji, ka gafarce ni, ba ƙararka na kawo ba, tsoro ne ya kawo ni." Ban ɗauke shi azzalumi ba, har gobe. Yara biyu da ya koya wa aiki sun taɓa tafiya da abokan cinikinsa, shi ya sa ya sa aka rubuta masa wannan takarda. Sai dai ya yi shingen da ya wuce gonarsa.

Aka rubuta takardar sulhu: zan cika wata guda, zan mayar da littafi da kayan aiki, shi zai ba ni takardar shaidar aiki, zancen shekara biyar da miliyan biyu ya mutu. Ni da bakina na ƙara cewa wata shida ba zan taɓa aikin wani abokin cinikinsa ba. Wannan karon sai da aka karanta mini kowane layi da Hausa kafin na ɗauki biro.

Ranar ƙarshe na ajiye masa littafin a kan tebur. Ya buɗe, ya daɗe yana juya shafuka, bai ɗago ba ya ce, "Allah ya ba da sa'a."

Kwanana tara a sabon aiki, bayan sallar la'asar, wayata ta yi ƙara. Wani tsoho ne mai lambu a Mirriya, sunansa na shafi na uku a littafin da na mayar. Ya ce, "Ɗana, famfo ya tsaya tun jiya, salati na ƙonewa. Na kira shago sau huɗu ba a zo ba. Mu kai muka sani." Sabon mai gidana yana tsaye kusa da ni, ya ji komai, ya miƙo mini makullin babur.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.