Lasisin sabuntawa da Windows na biyu a laftof ɗaya

Ɗaliban Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman sukan kawo mini tambaya iri ɗaya a nan Katsina: mutum ya sayi laftof na hannu mai ɗauke da tsohon Windows, ya sami lasisin sabuntawa zuwa sabo, yana kuma so ya ajiye duka biyun, domin akwai wata tsohuwar manhajar da ba ta tashi sai a kan na da. A ganinsa lasisi biyu gare shi, na tsohon da na sabon.

Ba haka sharaɗin Microsoft yake ba. Lasisin sabuntawa ba ya tsayawa da ƙafarsa, a kan lasisin farko yake hawa, kuma da zarar an yi amfani da shi, sabon Windows ya maye gurbin tsohon, izinin amfani da na farkon ya ƙare. Saboda haka wanda ya tashi daga Windows 7 zuwa Windows 10 a kyautar da kamfanin ya buɗe ranar 29 ga Yuli, 2015, lasisi ɗaya ne a hannunsa, ko da takardar mabuɗin Windows 7 tana nan manne a ƙarƙashin laftof ɗin. Ƙofar wannan kyauta ma an rufe ta gaba ɗaya a watan Satumba na 2023. Akwai kuma wani abin da masu sayen na hannu ba su cika lura da shi ba, wato lasisin da ya zo daga masana'anta a ɗaure yake da babban allon kwamfutar, tun daga Windows 8 ma a cikinsa ake binne mabuɗin, don haka ba a ɗauke shi a kai wata na'ura.

Na san wani zai ce ai yana yiwuwa a girka biyun su tashi lafiya. Sau da yawa yana yiwuwa, amma tashin manhaja daban, izinin amfani da ita daban, kuma mai gyaran da ya ce zai "fasa" maka shi a kan kuɗi kaɗan yakan yi hakan ne da wasu ƙananan manhajoji da ba wanda ya san abin da suka shigo da shi. Wanda dole sai ya riƙe Windows biyu, ya sayi cikakken lasisi na biyu, ya fara girka tsohon kafin sabon.

Ga mafi yawan mutane, shawarata ita ce na biyun ya zama Linux, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ke yin aikin Windows, kamar Ubuntu ko Linux Mint, tunda kyauta ne kuma babu ruwansa da lasisin Windows. Dalilin ya ƙara ƙarfi tun da tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, ga shi kuma yawancin tsofaffin laftof da ke hannun ɗalibai ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, musamman TPM 2.0, wato wani sashen tsaro na kwamfuta, da firosesar Intel daga zuriya ta 8 zuwa sama.

Aikin girka Linux kusa da Windows ba shi da wuya idan an yi shiri. A kwafe duk muhimman takardu zuwa wani wuri, a rubuta mabuɗin ceto na BitLocker, wato makullin faifai na Windows, a takarda idan faifan ajiya a kulle yake, a kashe saurin tashi na Windows, sannan a matse ɓangarensa daga cikin Windows ɗin domin a samar wa baƙon fili. Manhajar Rufus ta isa ta shirya filashin da za a girka da shi. Tsofaffin faifai masu tsarin rabo na MBR manyan ɓangarori 4 kawai suke ɗauka, kuma wasu masana'antu sukan cinye su duka tun kafin laftof ya fito kasuwa, to a duba wannan tukuna. A kuma cika batir, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar raba faifai tana iya salwantar da komai.

Bayan an gama, za a ga agogon Windows yana baya da awa ɗaya duk lokacin da aka dawo daga Linux. Linux yana ajiye agogon na'ura a kan lokacin duniya na UTC, Windows kuma yana ɗaukarsa a matsayin lokacin gida, mu kuwa a Najeriya awa ɗaya muke gaba. Ana gyara shi da umarni guda a Linux wanda zai sa shi ya bi lokacin gida.