Ƙafar Baba

Litinin, ƙarfe 11 na dare. Ina kan benci a bakin ɗakin tiyata, barci ya ƙi zuwa.

Da safe Baba ya kira ni, wai ƙafarsa ta hagu ta mutu. Na zaci kwanciya ya yi a kanta. Da na taɓa sai na ji ta sanyi ƙalau, ta dama kuwa da ɗuminta. Na danna farcen babban yatsa na saki, ya tsaya fari fat, jini bai dawo ba. Nan gabana ya faɗi.

A asibiti likita ta laluba matsematsinsa, babu bugun jini. Kowa ya ɗauka gudan jini ne ya toshe hanya, har nas ta fara haɗa allurar tsinka jini. Sai likitar ta ce a dakata. "Baba, kafin ƙafar, ba ka ji komai a ƙirji ko baya ba?"

"'Yata, da asuba na ji kamar an yaga ni tsakanin kafaɗu, amma ya lafa."

Ni ko uffan bai ce min ba!

Ta gwada hawan jininsa a hannu biyu: hagu 180, dama 140. Aka garzaya da shi hoton siti sikan. Ashe babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya ce ta tsage daga ciki. Ta zana min a bayan takarda: bangon jijiyar hawa uku ne, na ciki ya yage, jini ya kutsa tsakani yana ɓare shi har ƙugu, ya danne reshen da ke kai jini ƙafa. Ta ce ƙafa ba ta jure fiye da kamar awa 6 babu jini, amma tunda tsagar ta faro kusa da zuciya, ƙirji za a fara buɗewa, sau da yawa in an gyara can ƙafar kan samu jini. Allurar nan kuwa, da an yi ta, tana iya ƙara zubar jinin.

Ɗazu ina neman katinsa a aljihun rigarsa na ci karo da maganin hawan jinin da na saya masa wata biyu da suka wuce. Ƙwaya uku kacal ya ɓalla.

Awa biyar ke nan da shigarsu, ƙofar ba ta buɗe ba tukuna.