Ƙaramin rezisto da ya ƙone mini a Jos

Amfilifayar farko da na haɗa da hannuna, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ta makarantar Islamiyyar unguwarmu ce, domin ɗaliban da ke zama a baya ba sa jin muryar malam. Ina koyon gyaran rediyo a wani shago kusa da Terminus, kuma maigidana ya yarda in yi aikin da yamma idan an tashi.

Na zaɓi transisto 2SC5200 da abokiyar aikinta 2SA1943. A zanen da'irar, kowace tana buƙatar rezisto, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai om 0.22 a ƙafarta (om shi ne ma'auninsa). Na je kasuwa na karanta launukan da ke jikin rezistocin, masu nuna yawan om ɗinsu: ja, ja, azurfa. Lissafi ya yi daidai, na saya, na dawo na liƙa da dalma. Minti biyar da ƙara sauti, sai ƙauri ya cika shagon, rezistocin sun yi baƙi ƙirin.

Maigida bai yi faɗa ba. Ya ɗauki alli ya rubuta a jikin benci, ya ce, "Kai, zo ka gani. Idan amfiya 2 ta bi ta nan, 2 sau 2 sau 0.22 nawa ne?" Na ce 0.88. Ya ce, "To wat ɗin da ya koma zafi ke nan. Wanda ka saya kwatan wat yake ɗauka. Ka ɗora wa jaki kayan raƙumi." Ya buɗe durowa ya ciro wasu farare masu siffar bulo, da 5W rubuce a jikinsu.

Abin ya tsaya mini a rai, domin watanni na yi ina haddace launuka, ban taɓa tambayar zafin da ɗan abin nan zai iya jurewa ba. Launi om kawai yake faɗa maka, sai kuma iyakar kuskurensa. Zoben zinare na nufin kashi 5 cikin ɗari, wato wanda aka ce 22k ne (om 22,000) yana iya zama daga 20.9k zuwa 23.1k. A wasu wuraren hakan ba komai ba ne. Amma a mashigar sauti, inda sigina ke da rauni, yanzu masu shuɗin jiki nake sawa, na kashi 1 cikin ɗari, domin ba su cika kawo wannan shuuu da ake ji a lasifika idan an yi shiru ba. Kuma kowanne sai na ɗora masa mita kafin in liƙa. Ido yana ruɗewa tsakanin ja da ruwan lemo, musamman da hasken fitila.

Kapasito ma, wanda ke ajiye wuta yana tace ta, na kusa yin irin wannan kuskure a kansa. Taransifoma mai bolt 24 a kowane gefe, idan wutar ta ratsa diyod aka tace ta, tana kaiwa wajen bolt 33. Da na sa kapasito mai bolt 35, ranar da wutar NEPA ta zo da ƙarfi sai ya kumbura. Mai 50 na sa, ko da ya fi tsada.

Ranar Asabar muka kai ta makarantar cikin sanyin hunturu. Malam ya karanta Fatiha, wata yarinya da ke can jikin ƙofa ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, yau muna ji." Bayan awa biyu na taɓa fararen rezistocin, ɗumi kawai suka yi.