Abin da na tarar a saman silin

Rabon da wani mahaluƙi ya leƙa saman silin ɗin gidan nan, ina jin tun ranar da kafintoci suka buga ƙusar ƙarshe suka sauko. Ni ma ba don ɗakin barcinmu ba, da ba abin da zai kai ni. Gidan ya girme ni nesa ba kusa ba: bango mai kauri, tagogi dogaye, ƙofofin da har yau ba su san gara ba. Ƙasa lafiya lau. Amma ɗakin sama, in zafi ya kama, tanderu ne. Har biyun dare silin na amayo zafin da ya sha da rana, ka ɗora tafin hannunka a kai ka ji kamar goshin mai zazzaɓi. In sanyi ya zo kuma, duk ɗumin da muka tara sai ya sulale ta sama ya bar mu da makyarkyata.

Ranar da na aro tsani na ture murfin silin na haska tocila, abin da na gani ƙura ce kusan kaurin yatsa, da kashin jemagu, da wata safar hannu guda ɗaya da ta ƙandare, sai wayoyin wuta suna ta ratsa juna kamar saƙar gizo-gizo. Tsakanin katakan kuwa fayau, babu komai. Wato duk shekarun nan abin da ya raba mu da zafin rufi allon silin ne kawai, wanda kaurinsa bai kai na littafin ɗan makaranta ba.

Da na je neman abin da zan shimfiɗa a wurin don ya tare zafi, abu biyu aka nuna mini. Na farko audugar gilashi. Yashi da fasassun kwalabe ake narkarwa, a kwarara su cikin wani injin mai juyawa da ƙananan huji, sai gilashin ya fito zare-zare, ya fi gashin kai siranta. A Amurka aka gano yadda za a riƙa yin ta da yawa, a shekarun 1930, kuma sunan da aka fi dangantawa da aikin shi ne na wani injiniya, Games Slayter. Kamfanin Owens Corning da aka kafa a 1938 da ita ya yi suna. Na biyu audugar dutse, wadda ake yi da baƙin dutsen nan na aman wuta, a haɗa da kashin ƙarfe na masana'anta, a narkar a zafin da ya kai wajen digiri 1,500. Kamfanin Rockwool na Denmark ya fara yin ta a 1937. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne Allah ya riga kowa: a tsibirin Hawai, in dutse ya yi aman wuta, iska kan ja narkakken dutsen ya zama sili-sili kamar gashi, har mutanen wurin suna kiransa gashin Pele, wato abar bautarsu ta gargajiya mai kula da aman wuta.

Ta gilashi ba ta da nauyi, ta fi araha, a naɗe take zuwa kamar tabarma. Ta dutse ta fi nauyi da tauri, in ka jingina ta sai ta tsaya da kanta, ruwa na gangarewa a kanta, kuma tana jure wutar da ta haura digiri 1,000, inda ta gilashi tuni ta saki jiki. Na ɗauki ta gilashi don shimfiɗawa a saman silin, tunda a can kwanciya kawai za ta yi.

Na daɗe ban gane cewa ba audugar ce ke tare zafi ba. Iskar da ke maƙale a tsakanin zaren ita ke aikin, audugar gadi kawai take yi kada iskar ta motsa. Duba tsuntsu da sassafe in ana sanyi, yadda yake buɗa gashinsa ya zama ƙato: iska yake tarawa. Lissafin masana na yadda zafi ke ratsa abu ya sa waɗannan audugogi wajen 0.035 zuwa 0.040, kankare kuwa ya ninka haka fiye da sau 30. Ni da ban san wannan ba, na sayo mai kaurin santimita 15, na tarar zurfin katakaina 10 ne, sai na hau danna ta da gwiwa har ta yi daidai da baki, ina jin daɗi wai na cika wurin maƙil. Ashe na biya kuɗin 15 ne na samu aikin da bai wuce na 10 da 'yan kai ba.

Wannan ƙaramin kuskure ne. Babban yana gefen rufi. A can inda rufin ya sauko ya haɗu da bango, na ga haske na shigowa ta wasu 'yan tsaga, iska na busowa. Na ce lallai ga ɓarayin da ke sace mana ɗumi. Na kwanta rub da ciki, na sa sanda na tura audugar har ƙurya, na toshe su kaf. Na sauko ina kumbura kamar wanda ya ci yaƙi.

Wata uku ɗakin ya yi daɗi, ba ƙarya. Sai wata safiya cikin sanyi matata ta tsaya tsakiyar ɗaki tana kallon sama.

“Maigida, zo ka ga wani abu. Wannan tabon jiya babu shi.”

Tabo ne ruwan ƙasa, faɗinsa kamar faranti, a kusurwar da ke kusa da banɗaki. Na ce rufi ne ke yoyo. Ta ce ai rabon da a yi ruwa an fi sati biyu. Na hau. Ƙasan rufin gaba ɗaya ya yi gumi, kowace ƙusa da ɗigon ruwa a bakinta, katakan sun fara baƙi-baƙi, ga warin funfuna. Na sa hannu na ɗaga audugar a kusurwar, ta zo mini jagab kamar tsumman goge ƙasa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ga abin da ya faru, kamar yadda na fahimta daga baya. Iskar cikin gida ɗauke take da danshi: numfashinmu, tururin wanka, shanyar kaya. Iska mai ɗumi na iya riƙe danshi da yawa, amma da zarar ta taɓa abu mai sanyi sai ta sauke shi ya zama raɓa, kamar yadda kwalbar ruwan sanyi ke gumi in an ajiye ta a kan tebur. A da, ɗumin ɗakinmu na ratsa silin yana ɗumama saman, iska kuma na shiga ta tsagar nan ta kwashe danshin ta fice. Gidan na asarar ɗumi, amma a bushe yake. Ni na zo na tare ɗumin, saman ya koma sanyi ƙalau, sannan na toshe ƙofar da danshin ke fita. Waɗanda suka gina gidan ba mantuwa suka yi da tsagar ba, da gangan suka bar ta. Ƙari a kan haka, fankar banɗakinmu mai zuƙe tururi ba waje take kai shi ba. Wani gwani can baya ya bar bakin bututun a saman silin, kullum tana feso tururin wanka a kan katako.

Da na ci gaba da ɗaga audugar sai na ga wani abin: duk inda bututu ko waya ta huda silin, audugar ta yi baƙi ƙirin a zagaye. Na zaci funfuna ce. Ƙura ce. Audugar ba ta hana iska wucewa, tace ta kawai take yi kamar rariya. Kowane baƙin tabo yana nuna maka ramin da ya kamata ka liƙe kafin ka shimfiɗa komai.

Sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na kira mai gyaran wuta. Dattijo ne, amma ya hau tsanin nan ya fi ni sauri. Ya tsuguna, ya kama wata waya da yatsu biyu ya ɗan lanƙwasa. Rigar wayar, roba ce da aka naɗe da zare, ta ruguje a hannunsa kamar busasshen ganye, jan ƙarfen ya fito tsirara.

“Yaro, a kan wannan ka shimfiɗa bargo?”

“Wallahi Baba, ban san ta kai haka ba.”

“Waya ma tana son shan iska. In wuta na bi ta cikinta ɗumi take yi, in ka lulluɓe ta ina ɗumin zai je? Ka gode wa Allah tabo ka gani, ba hayaƙi ba.”

Ba tsoratarwa yake ba. A ƙa'idar aikin wuta ta Birtaniya, wayar da aka binne ta ko'ina cikin irin wannan auduga na tsawon fiye da rabin mita, rabin nauyin wutar da aka san ta da shi kawai ake yarda ta ɗauka. A tsofaffin gidajen Amurka da Kanada kuma akwai wani tsarin waya na da, wanda ake ɗaurawa a kan 'yan dunƙulen tangaran tana rataye a fili, wanda dama don ya sha iska aka yi shi. Baba ya sauya wayoyin saman gaba ɗaya, ya bi da masu ɗaukar nauyi ta saman katako inda ba za a binne su ba. Ya nuna mini fitilun da aka nutsa cikin silin, ya ce in bar musu fili kamar santimita 7 ko 8 ta kowane gefe, sai dai in irin waɗanda aka rubuta a jikinsu cewa ana iya rufe su ne.

Kafin ya sauka ya sa yatsa ya shafi ƙurar, ya murza, ya duba. Na tambaye shi me yake nema, ya ce asbesta, wani ma'adini mai zare-zare da ake sa wa kayan gini a da. Tsofaffin gidaje da yawa suna da ita a allon silin ko a naɗe jikin bututu, kuma ba ta cutarwa sosai sai an fasa ta ko an tayar da ƙurarta ta shiga huhu, cutar kuma kan yi shekaru da dama kafin ta bayyana. Ya ce ido ba ya tabbatar da ita, sai an kai ɗakin gwaji. Birtaniya ba ta haramta ta gaba ɗaya ba sai 1999, Tarayyar Turai sai 2005. A Amurka akwai wasu 'yan tsakuwoyi marasa nauyi masu ƙyalli da aka zuba a saman silin ɗin gidaje masu ɗimbin yawa, da aka haƙo a garin Libby na jihar Montana, har aka rufe ma'adinin a 1990, ashe gauraye suke da asbesta. Wanda ya leƙa ya ga irin wannan, ya mayar da murfin a hankali ya sauko, ba aikin tsintsiya ba ne. Ita kanta audugar gilashi da ta dutse, hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire su daga jerin abubuwan da ake zargi a 2001. Duk da haka ban ƙara hawa ba takunkumi ba.

Karo na biyu ya ɗauke ni makonni, kuma shimfiɗa audugar ce ta fi komai sauƙi a ciki. Na kwashe jiƙaƙƙiyar na zubar, na bar katakan suka bushe. Na fitar da bututun banɗaki waje. Na bi kowane rami na liƙe, har gefen murfin silin. Na sa 'yan alluna a gefen rufi don su riƙe audugar baya, a bar tazarar kamar yatsu uku iska na wucewa. Sannan na shimfiɗa mai kaurin 10 a tsakanin katakai ba tare da dannawa ba, na ɗora wata a gicciye a samanta don ta rufe katakan su ma, har jimilla ta kusa santimita 27 da ake ba da shawara a Birtaniya. Inda waya ta ratsa, tsaga audugar ake yi a zura wayar, ba a cusa ta a baya. Batun leda mai hana danshi kuwa, gefen da ya fi ɗumi take zama: a ƙasa mai sanyi ta ciki, a inda ake zafi da laima ana kunna na'urar sanyaya ɗaki kuma lissafin juyawa yake. Kada dai a sa ta gefe biyu, a kulle danshi a tsakiya.

Ƙaiƙayi kuwa, ba a ba da labarinsa. Ranar farko da gajeren hannu na hau, na sauko na shiga ruwan zafi ina dirzawa, na kwana kamar wanda ya yi birgima cikin ƙaya. Ruwan sanyi ake fara sakar wa jiki ba tare da dirza ba, kayan aikin kuma a wanke su su kaɗai. Riga mai dogon hannu, safar hannu, tabarau. A kan katako kaɗai ake taka ƙafa, in ba haka ba sai dai a tsince ka a kan gado tare da rabin silin.

Bayan shekara ƙanwata ta kira ni. Tana haya a wani tsohon bene, ita ba zafi ke damunta ba, talabijin ɗin maƙwabci ne.

“Yaya, ko tarinsa ina ji. Wannan audugar taka ba ta maganin ƙara?”

Sai da muka nemi izinin mai gidan a rubuce, don bangon ba nata ba ne. Muka kafa katakai a ɗan nesa da bangon ba tare da sun taɓa shi ba, muka yanka audugar dutse da wuƙa mai haƙora, kowane yanki ya ɗara gurbinsa da kamar santimita ɗaya don ya maƙale da kansa, muka rufe da allo biyu, muka liƙe gefuna. Ɗakin ya ragu da kusan taƙi guda, har wadirof ɗinta ta daina shiga inda take. Muryoyi da talabijin sun yi nisa sosai. Amma ƙara na bin ƙasa da silin ta zagayo, don haka takun na sama da jan kujerarsa har yau tana jin su. Na hana ta taɓa bangon waje, don tsohon bulo da aka rufe ta ciki yakan ƙara sanyi ya riƙe danshi, kuma ni na riga na ga abin da danshi ke yi.

Yanzu duk shekara in sanyi ya yi tsanani, nakan ɗauki tocila da sassafe in hau in duba bakin ƙusoshin nan. Bana a bushe na same su. Tsanin dai har yau na aro ne, mai shi ya gaji da tambaya.